Yadda Za Ka Kare Haƙƙinka Idan Dillali Ya Lalata Motar da Ka Saya Kafin Ya Miƙa Maka Ita

Tsakanin ranar da ciniki ya faɗa da ranar da aka miƙa wa mai saye makulli, mota takan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a hannun kamfanin da ya sayar da ita. A waɗannan kwanakin ne ake wanke ta, a cire ledojin masana'anta, a duba mai da ruwa, a ɗaura lamba, a sa mata ƙarin kayan da mai saye ya nema, a yi ta matsar da ita daga wannan layi zuwa wancan a filin ajiya mai cunkoso. Hannu da yawa ke taɓa ta, kuma ba kowa ne mai lura ba. Mai wanki ya yi baya ya daki ginshiƙi. Mota ta zame wajen saukewa daga tirela. Bakanike ya fita gwaji wani ya goge shi. Ƙanƙara ta sauka cikin dare a filin da ba rufi. Sai a kira ka da murya mai sanyi: "Yallaɓai, an ɗan samu matsala, amma ba wani abu ba ne, za mu gyara ta koma yadda take."

Abin da ka yi a kwana ɗaya ko biyu bayan wannan kira ya fi duk wata doguwar shari'a da za ta biyo baya tasiri.

Mataki na 1: Kada ka karɓi makulli, kada ka sa hannu

Ƙarfin mai saye yana cikin abu ɗaya ne: motar ba ta shigo hannunsa ba tukuna. Muddin tana harabarsu, su ne ke riƙe da mota mai aibi da ta tsaya musu a wuya. Da zarar ka tuƙa ta ka wuce ƙofa, matsalar ta biyo ka gida, kai ne kuma za ka koma kana bin su kana roƙo. Don haka in an ce maka "tafi da ita kawai, ka dawo da ita mako mai zuwa a yi fenti", ka ce ka gode, ta zauna nan. Gwajin tuƙi ba laifi ba ne, in dai ma'aikacinsu yana cikin motar kuma wurinsu za a dawo da ita.

Akwai takardar da ake miƙo wa mai saye ranar karɓar mota, mai ɗauke da layin da ke cewa ya duba motar ya same ta lafiya kuma ya gamsu. Mutane suna rattaba mata hannu cikin ɗoki ba tare da sun karanta ba. Ita ce takarda ta farko da lauyan kamfani zai fito da ita in rigima ta taso. Kada ka sa mata hannu, ko da an ce maka ta cike fayil ce kawai.

In da sauran kuɗi a hannunka, riƙe shi, amma ka rubuta musu dalili a ranar: kana nan kan cinikinka, a shirye kake ka cika, motar ce ba ta cikin halin da aka yi ciniki a kai. In ka yi shiru kawai ka ƙi biya, za su iya juya magana su ce kai ne ka saɓa alkawari, su nemi cinye kafin alƙalaminka.

Mataki na 2: Tara hujja tun ba a taɓa komai ba

Je ka ga motar da idonka kafin a fara gyara, kuma ka gaya musu a rubuce cewa ba ka yarda a taɓa ta ba sai ka gani. Ɗauki hoton kowane gefe daga nesa da kusa, da bidiyo kana zagaya ta. Ɗauki hoton lambar shasi, wadda a motocin zamani take da haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba da jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ɗauki hoton mitar kilomita: in ranar ciniki tana nuna kaɗan yau kuma ta haura sosai, wani ya yi yawo da motarka, wannan ma magana ce ta daban.

Nemi su ba ka bayanin abin da ya faru a rubuce, da rana da lokaci. In akwai kyamarar tsaro a harabar, nemi a adana hoton ranar nan take, domin waɗannan na'urori suna goge tsohon ɗauka da kansu. Duk maganar da kuka yi ta baki ko ta waya, bi ta da saƙo: "Kamar yadda muka yi magana yau, kun sanar da ni cewa ma'aikacinku ya buga ƙofar baya ta dama." In ba su musanta ba, saƙon ya zama shaida.

Mataki na 3: Gano wa ke da alhakin motar a ranar da abin ya faru

Nan ne gardama take, nan ne kuma wasu dillalai ke ruɗa mutane. Za a ce maka, "Ai ka riga ka biya, motar taka ce, sai ka kira inshorarka." Mallakar mota daban, ɗaukar asararta daban, kuma dokokin ƙasashe sun kasu gida biyu a kan wannan.

Gida na farko ya ce asara tana kan mai sayarwa har sai kayan sun shiga hannun mai saye a zahiri. A Birtaniya, sashe na 29 na Dokar Haƙƙin Masu Saye ta 2015 ya faɗi haka ƙarara, kuma kamfani ba shi da ikon soke wannan da wani sharaɗi a takardar ciniki. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da irin wannan ƙa'ida daga dokar haƙƙin masu saye ta 2011. A Amurka, kundin dokokin ciniki da ake kira UCC, wanda duk jihohi ban da Luwiziyana suka ɗauki babinsa na sayar da kaya, ya ce a sashe na 2-509 in mai sayarwa ɗan kasuwa ne mai sana'ar irin kayan, asara ba ta komawa kan mai saye sai ya karɓi kayan. Sai dai a can takardar ciniki tana iya canza wannan, don haka a karanta ta da kyau. A ƙarƙashin irin waɗannan dokoki, ko ƙanƙara ce ta yi ɓarnar, ko ɓarayi, ko ambaliya, ciwon kan dillali ne.

Gida na biyu shi ne na tsohuwar Dokar Sayar da Kaya ta Ingila ta 1893, wadda ƙasashe da yawa da Ingila ta mulka suka gada, wasu kuma har yau da ita ko da 'ya'yanta suke aiki. A nan asara tana bin mallaka, kuma in an yi ciniki kan wata mota takamaimai da ke shirye, mallakar tana iya komawa kan mai saye tun ranar da aka ƙulla ciniki, ko ba a kai ga biya ko miƙawa ba. Jin haka zai iya tsinka maka zuciya, amma akwai ƙofofi biyu. Ta farko, dokar ta ce in akwai wani aiki da ya rage wa mai sayarwa kafin kayan su zama shirye don miƙawa, mallaka ba ta komawa sai ya gama aikin ya kuma sanar da kai. Motar da ake kan yi wa binciken fita ko sa mata ƙarin kaya ta shiga wannan layin. Ta biyu, ko da motar ta zama taka, tana hannunsu ne a matsayin ajiya, kuma mai riƙe da ajiya doka ta ɗora masa kula da ita yadda ya kamata. In ma'aikacinsu ne ya buga ta yana bakin aiki, kamfani ne zai amsa, ko motar ta wa ce.

Ke nan in sakacinsu ne, a kowane gida kana da hujja. Bambancin yana fitowa ne kawai in ɓarnar ta zo ta hanyar da ba laifin kowa.

Abubuwa biyu na iya juya maka lissafi. In kai ne ka ɗauko naka mai jigila, ba wanda kamfani ya gabatar maka ba, a dokokin Birtaniya da Turai asara ta koma kanka tun lokacin da aka ɗora masa motar. Haka kuma in an kira ka ka zo ka ɗauka ka yi ta jan ƙafa, tsohuwar dokar tana ɗora wa mai jinkiri asarar da jinkirinsa ya jawo. Duba takardar cinikinka ka nemi inda aka yi maganar miƙa mota, ɗaukar asara, kafin alƙalami, da sharaɗin sasanci a wajen kotu. In ka ga abin da ya ɗaure maka kai, kuɗin ganin lauya na awa ɗaya ba ya kusa da kuɗin mota.

Mataki na 4: Kawo naka mai dubawa

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A jikin motar zamani wannan bai cika aiki ba. Bamba roba ce, takan lotsa ta dawo daidai kamar ba abin da ya faru, alhali ƙarfen da ke bayanta ya tanƙware, maƙalan fitila sun karye, lagireto ya matsa. Saboda haka kana buƙatar mai gyaran bodi ko mai tantance motoci wanda ba ya cin abinci a hannun wannan kamfani. In sun hana a kawo mutum daga waje ya duba, wannan kansa amsa ce.

A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta. A auna daidaiton tayoyi da na'ura a ba ka sakamakon a takarda, domin bugun da ya taɓa taya yakan taɓa hannun sitiyari da ƙafafun mota. A duba ratar da ke tsakanin ƙofofi, bonet da but, ko ta gefen nan ta yi daidai da ta wancan. A sa kwamfuta a karanta duk kuskuren da motar ta adana. In jakar iska ta kariya ta fashe, ko bel ya ɗaure ya ƙi sakewa, bugun ba ƙarami ba ne, ko da me aka gaya maka.

Motocin yanzu suna da na'urori a wuraren da aka fi bugawa: masu jin kusancin abu a bamba, rada a gaba, kyamara a bayan gilashin gaba, wasu a madubin gefe. In an cire bamba ko an canza gilashi, sau da yawa sai an sake saita waɗannan na'urori da kayan aiki na musamman, in ba haka ba birkin gaggawa da mai lura da layin titi za su riƙa ganin abu a inda ba ya nan. Wannan aikin ne aka fi tsallakewa a gyaran gaggawa, domin ba ya nunawa a ido. In motar lantarki ce, batirinta yana shimfiɗe a ƙasa, shi ne kuma mafi tsada a jikinta. Duk bugun da ya taɓa ƙarƙashi sai wanda ya san aikin ya duba.

In sun riga ka sun yi gyara, akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti. Fentin masana'anta yawanci bai cika wuce maikiron 100 zuwa 180 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma abin lura shi ne bambanci: in duk jikin motar yana nuna kusan lamba ɗaya sai ƙofa ɗaya ta ninka, an sake mata fenti, in ta ninka sau da yawa, an cika wurin da ƙullun gyaran bodi. Na'urar da aka saba gani tana aiki ne a kan ƙarfe da alminiyam, ba ta karanta bamba ta roba. A can sai a duba bambancin launi a hasken rana, da burbushin fenti a kan robobin gefe, da kan kusoshin da aka kwance.

Ruwa kuwa shari'arsa daban. Motar da ambaliya ta shiga har ƙasan kujeru za ta iya tashi lafiya yau, bayan watanni wayoyi su fara tsatsa, fitilun gargaɗi su yi ta kunnuwa ba dalili. Ɗaga kafet, shinshina, duba ramin safayar taya.

Karɓi rahoton a rubuce, da hotuna da ƙiyasin kuɗin gyara.

Mataki na 5: Zaɓi abin da kake so kafin ka zauna da su

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: a warware ciniki a mayar maka da kuɗinka, a ba ka wata mota irinta, a gyara a kuma rage maka kuɗi, ko ka karɓe ta yadda take a kan ragi mai kauri.

A ganina, in ɓarnar ta taɓa shasi ko ginshiƙan jiki, in jakar iska ta fashe, in ruwa ya shiga, in batirin motar lantarki ya bugu, kada ka tsaya ciniki. Ka ce ba ka so. Babu ragin da zai biya ka shekarun zullumi. In kuwa ƙwarzane ne, ko madubi, ko fitila, ko bamba da za a kwance a ɗaura sabuwa ta asali, gyara da ragi ya fi maka, musamman in motar ta yi wuyar samu kuma jiran wata zai ɗauki watanni. Tsakanin waɗannan akwai matsakaiciyar ɓarna, kuma ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: abin da ake kwancewa da kusoshi a canza ba shi da damuwa sosai, abin da sai an yanka an yi walda, kamar bangon baya ko rufi, ya canza motar har abada.

Ko kana da ikon ƙin karɓa? A Amurka, sashe na 2-601 na UCC ya ba mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa wa ciniki ta kowace fuska, amma sashe na 2-508 ya bar wa mai sayarwa damar gyara kuskurensa in lokacin miƙawa bai wuce ba, kuma a nan ake yawan jayayya kan ko motar da aka yi wa fenti ta cika sunan "sabuwa". A Birtaniya mai saye yana da kwana 30 na mayar da mota mai aibi ya karɓi kuɗinsa cif, kuma dole a biya shi cikin kwana 14 daga ranar da kamfani ya amince. In motar ta hannu ce, ma'aunin shi ne halin da take ciki ranar ciniki. Sharaɗin "an sayar yadda take" yana nufin yadda take a ranar da ka gan ta ka yarda, ba yadda ta koma bayan an buga ta ba.

In wata motar za a ba ka, tabbatar shekara ɗaya ce, samfuri ɗaya, kaya ɗaya, farashi ɗaya, kuma a sake rubuta takardu da sabuwar lambar shasi. Nemi motar aro da za ka riƙa hawa a kan kuɗinsu har a gama.

Mataki na 6: Lissafa faɗuwar daraja, ba kuɗin gyara kaɗai ba

Wannan ne wurin da masu saye suka fi yin asara ba su sani ba. Dillali zai ce, "Mun gyara kyauta, me kuma ya rage?" Abin da ya rage shi ne ranar da za ka sayar. Mai saye na gaba zai auna fenti, ko ya duba tarihin motar a irin rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci a Amurka, ya ga an taɓa buga ta, ya rage maka kuɗi. Gyara na iya yin kyau ƙwarai, darajar ta faɗi duk da haka.

Akwai shari'ar da ta shahara a kan wannan a Amurka. A 1990 wani likita, Ira Gore, ya sayi sabuwar BMW a Birmingham ta jihar Alabama a kan dala 40,750. Bayan kamar wata tara ya kai ta wurin masu ƙawata mota, suka gaya masa an taɓa sake mata fenti. Ashe tsarin kamfanin a lokacin shi ne in kuɗin gyara bai kai kashi 3 cikin ɗari na farashin mota ba, sai a sayar da ita a matsayin sabuwa ba tare da an faɗa wa kowa ba. Gyaran tasa dala 601 ne kacal. Amma an ba da shaida a kotu cewa sake fenti yana rage darajar irin motar da kusan kashi 10 cikin ɗari, masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi diyyar dala 4,000, da wata dala miliyan 4 ta ladabtarwa. Kotun ƙolin Alabama ta rage ta ladabtarwar zuwa miliyan 2, Kotun Ƙolin Amurka a 1996 ta ce ko hakan ya wuce kima, daga ƙarshe aka tsaya a dala 50,000. Lauyoyi suna tuna shari'ar ne saboda miliyoyin. Mai sayen mota ya fi buƙatar ƙananan lambobin biyu: gyaran 601, asarar 4,000.

Kashi 10 ɗin nan na wannan motar ne a wannan kotun, ba ƙa'ida ba ce ta ko'ina. Don ka san naka, kai rahoton ɓarnar wurin dillalai biyu ko uku da ba su da alaƙa da wanda ya sayar maka, ka tambaye su nawa za su saye ta in ba a taɓa buga ta ba, nawa kuma da wannan tarihin. Tazarar ita ce abin da za ka nema. In motar mai tsada ce, biya mai tantancewa ya rubuta maka rahoto.

Kuma ka fifita ragin kuɗi a kan kyaututtuka. Za a yi maka tayin sabis kyauta, ko kafet, ko ƙarin garanti. Waɗannan ba sa ci wa kamfani abin da aka rubuta a jikinsu, wasu ma ba za ka taɓa amfani da su ba. In an haɗa maka su a kan ragi, madalla. In a madadin ragi ne, a'a.

Mataki na 7: Rubuta buƙatarka, ka kai ta inda ake yanke hukunci

Wanda ya sayar maka da motar yawanci ba shi da ikon mayar da kuɗi, kamashonsa ma yana rataye ne a kan ka karɓa. Nemi babban manaja. Rubuta gajeriyar wasiƙa, ba zagi ba barazana:

"Ranar kaza na sayi mota kaza mai lambar shasi kaza, na biya kaza. Ranar kaza kuka sanar da ni ta lalace a hannunku kafin ku miƙa mini. Ban karɓi motar ba, kuma ba zan karɓe ta a wannan hali ba. Ga rahoton mai dubawa a haɗe. Ina neman a warware cinikin a mayar mini da duk abin da na biya cikin kwana 14."

In gyara ka zaɓa, yarjejeniyar ta faɗi wace gareji za ta yi aikin, cewa da sababbin kayan asali za a yi, cewa za a sake saita na'urorin tsaro a ba ka shaidar hakan, ranar gamawa, adadin ragi, garantin aikin fenti, da tabbacin cewa garantin masana'anta, har da na tsatsa, bai taɓu ba. Ƙara layi ɗaya: kana da ikon sake dubawa bayan gyara, in bai yi ba ka fasa. Manaja ya sa hannu da sunansa da muƙaminsa.

Su ma za su kawo tasu takardar, mai cewa da wannan an rufe magana, ba ka da sauran wata da'awa. Ba laifi ba ne a sa mata hannu, amma sai bayan an gama gyara, naka mai dubawa ya gani, kuɗin ragin ya shigo. Nemi a taƙaita ta ga ɓarnar da aka lissafa, kada ta haɗiye wadda za ta ɓullo daga baya.

Mataki na 8: Bashi, inshora da tsohuwar motarka

In da bashi ka saya, sanar da masu ba da bashin a rubuce cewa ba a miƙa maka motar ba kuma akwai rigima. Kada ka daina biyan wata-wata da ra'ayin kanka, domin sunanka ne zai ɓaci a wurin masu ba da lamuni. Nemi su dakatar a rubuce. In an warware ciniki, tabbatar an rufe bashin gaba ɗaya an ba ka takardar shaida. A Birtaniya, in sayen biya-sannu ne wanda kamfanin kuɗi ke riƙe da mallakar motar, shi ne a doka ya ba ka ita, don haka wurinsa za ka kai ƙorafi. Wanda ya biya da katin bashi a can, ko da kafin alƙalami kaɗai ne, sashe na 75 na Dokar Bashin Masu Saye ta 1974 ya sa bankin katin ya raba alhaki da mai sayarwa in farashin kayan ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba.

Kada ka yarda a tura ka wurin inshorarka. Kamfanonin sayar da motoci suna da tasu inshorar ta motocin da ke harabarsu da na mutane da ke hannunsu. In ka shigar da da'awa a taka, kai za ka biya kason farko da inshora ke bar wa mai mota, kuɗin inshorarka na iya tashi, kuma haɗarin da ba ka yi ba ya shiga tarihinka. Sanar da su abin da ya faru in takardarka ta wajabta, amma ka bayyana cewa sanarwa ce kawai.

In ka ba da tsohuwar motarka a cikin cinikin, rubuta musu yau cewa kada su sayar da ita har a warware. In sun riga sun sayar, abin da za su biya ka shi ne ƙimar da aka rubuta mata a takardar ciniki. Kuɗin rajista da lamba da harajin da ka riga ka biya, su ma sa su cikin lissafi.

Mataki na 9: In sun ƙi

Fara da kamfanin da ya ƙera motar, in dillalin wakilinsa ne. Ba lallai doka ta ɗora masa laifin dillali ba, amma kira ɗaya daga ofishinsa yakan yi abin da wasiƙunka uku ba su yi ba. Daga nan sai hukumar kare masu saye ta ƙasarka, ko hukumar da ke ba dillalai lasisi, ko ofishin sasanci na harkar motoci in akwai. Ƙaramar kotun da'awa ta dace da neman ragi ko kafin alƙalami, domin ba ta buƙatar lauya, sai dai tana da iyakar kuɗi. A Ingila da Wales fam 10,000 ne. Rigimar kuɗin mota gaba ɗaya kuwa ta lauya ce.

In za ka rubuta a intanet, tsaya kan abin da kake da hoto da takardarsa. Kalma ɗaya ta ƙari za ta iya mayar da kai wanda ake ƙara.

In sai da ka kai gida ka gano

Wani lokaci ba a kira kowa. A gyara cikin dare, a goge, a miƙa maka makulli da murmushi. In ka gano daga baya, rage hawan motar, kai ta a auna a rubuta maka rahoto, ka sanar da kamfanin a rubuce a makon, domin dokoki da yawa suna ɗaukar dogon shiru a matsayin yarda. A Amurka sashe na 2-608 na UCC ya ba da damar janye karɓa in aibin ya rage darajar kayan sosai kuma yana da wuyar ganewa tun farko, ko an kwantar maka da hankali da tabbacin baki. Jihohi da dama a can suna tilasta bayyana gyaran da aka yi wa sabuwar mota in ya wuce wani kaso. A Kalifoniya kashi 3 cikin ɗari ne na farashin masana'anta ko dala 500, duk wanda ya fi yawa. A Birtaniya, bayan kwana 30 kamfani yana da damar gyara sau ɗaya, in bai yi ba sai ragi ko mayarwa, amma a mota ana iya cire kuɗin hawan da ka yi.

Za su ce kai ne ka buga ta bayan ka fita. Amsarka tana cikin takardunsu: nemi takardar binciken da aka yi ranar da aka sauke motar daga tirela, da katin aikin garejinsu mai ɗauke da lambar shasinka. In sun ƙi bayarwa, rubuta ranar da ka nema da sunan wanda ya hana, ka ba lauyanka, shi ya san yadda kotu ke sa a fito da su.